Yaya Talakan Maya Yake Rayuwa, Kuma Ina Mutanen Biranensu Suka Shiga?

Tambaya: "Na ga hotunan wasu dogayen gine-ginen dutse a tsakiyar kurmi, an ce na mutanen Maya ne. Birane ne na gaske da mutane ke kwana su tashi a ciki, ko wuraren bauta ne kawai? Me suke ci, wace sana'a suke yi? Kuma gaskiya ne rana ɗaya aka wayi gari sun ɓace?"

Amsa: Birane ne na gaske, ɗan'uwa, kuma mutanen ba su ɓace ba. Sai dai hoton da ka gani yana da yaudara. Kurmin da ya lulluɓe Tikal, ɗaya daga cikin manyan biranensu a arewacin Gwatemala, a yau bayan an watse ya tsiro. Lokacin da garin yake raye, wanda ya hau saman dala gonaki zai hango da rufin jinka da tafkuna da hayaƙin murhu iya ganin idonsa. Gine-ginen ma ba wannan launin toka-toka suke da shi ba. An yaɓe su da farar ƙasa, da yawansu kuma an shafe su da jan launi.

Ƙasar Maya ta haɗa kudu maso gabashin Meziko, da Gwatemala da Beliz, da yammacin Honduras da El Salbado. Ba ta taɓa zama daula ɗaya a ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Garuruwa ne gommai, kowanne da sarkinsa da fadarsa, yau zumunci gobe yaƙi. Zamanin da suka fi bunƙasa shi ne daga 250 zuwa 900 Miladiyya, amma ginin ya faro tun da nisa: a Aguwada Fenis, a jihar Tabasko ta Meziko, an gano wani dakalin ƙasa mai tsawon mita 1,400 da aka gina tsakanin shekara ta 1000 da ta 800 kafin Miladiyya. Kada kuma a haɗa su da Aztek, wata al'umma daban ta tsakiyar Meziko, waɗanda babban birninsu sai a 1325 aka kafa shi, ɗaruruwan shekaru bayan Tikal ta zama kufai.

Tunanin cewa wuraren bauta ne kawai ba kai ka fara shi ba. Har tsakiyar ƙarni na 20 manyan masana, irin su Eric Thompson, haka suka ɗauka: malaman bauta ne zaune suna duban taurari, talakawa kuma suna warwatse a daji suna zuwa ran biki. Abin da ya rushe wannan ra'ayi shi ne ƙirga gidaje. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania da suka fara aiki a Tikal a 1956 sun bi kurmi a ƙafa suna zana duk wani ɗan tudu, sai ga dubban dakalan gidaje. Daga baya na'urar lida ta zo, wadda ake harba haskenta daga jirgin sama ya ratsa ganyaye ya auno ƙasa. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna gine-gine sama da 60,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,100 a arewacin Gwatemala: gidaje, ganuwa, hanyoyi, magudanan ruwa. Karakol, a Beliz, ta mamaye kusan murabba'in kilomita 200, kuma Arlen da Diane Chase, da suka shafe shekaru suna haƙa a wurin, sun ƙiyasta mutanenta sun haura 100,000 wajen shekara ta 650. Bambancin kawai shi ne birnin Maya ba a cunkushe yake ba. Gida da gona a haɗe suke, unguwa tana narkewa cikin gonaki ba tare da ka ga inda gari ya ƙare ba.

Wanda yake son sanin rayuwar talaka, ni a ganina ya bar Tikal tukuna ya nufi wani ƙauye a El Salbado da ake kira Hoya de Seren. Wajen shekara ta 600 wani dutse mai aman wuta da ke kusa ya fashe, toka mai kaurin mita da yawa ta binne ƙauyen. Mutanen sun tsere, shi ya sa ba a sami gawa ba, amma sun bar komai a inda yake. A 1976 wata katafila da ke share fili ta ci karo da bango, daga nan Payson Sheets ya fara haƙa. Abin da ya fito ya fi duk wani kabarin sarki bayani.

Gida ɗaya ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai ɗakin kwana, akwai ɗakin ajiya, akwai madafa daban, duk a kan dakalin ƙasa suna kewaye da tsakar gida. Bangon kara ne da sanduna aka yaɓe da laka, rufin kuma ciyawa. An sami kwanukan da aka ci abinci ba a wanke ba, har da sawun yatsu a jiki, an kuma sami tabarmin kwana a naɗe a saman rufi, abin da ke nuna da yamma bala'in ya sauka, bayan an ci abinci kafin a shimfiɗa. Wuƙaƙensu na wani baƙin dutse ne mai kamar gilashi, wanda kaifinsa ya fi na aska, kuma a cikin jinka aka same su a soke, nesa da hannun yara. An sami agwagwa ɗaure a ɗakin ajiya. Masarar da ke gona ta ruɓe ta bar gurbinta a cikin toka, masu bincike suka zuba filasta a ramukan, sai ga karan masara da zangarniyarsa sun fito kamar jiya aka shuka. Ta haka aka gano kunyoyin rogo, wanda da ba a san Maya suna nomansa da yawa haka ba. Bayan gida akwai barkono, wake, kabewa, itacen koko, da wani tsiro mai zare da ake tufka igiya da shi. Ƙauyen yana da ɗakin wankan tururi da ɗakin taron dattawa. Kuma waɗannan manoma suna da tukwane gommai, har da masu zane da aka yi a wani gari mai nisa, da gatarin koren dutse mai tsada. Wanda ya ɗauka talakan Maya bawa ne mai jan dutse da yunwa a cikinsa, Seren ta ƙaryata shi, aƙalla a wancan wuri da wancan lokaci.

Masara ita ce rai. A labarin halitta na ƙabilar Kice, ɗaya daga cikin ƙabilun Maya, da aka rubuta a littafin Popol Vuh, an gwada yin mutum da laka ya narke, an gwada da itace ya fito ba hankali, sai da aka yi shi da ƙullun masara ya zama mutum. Aikin matar gida na kullum yana farawa tun daren jiya: ta dafa ƙwayar masara da ruwan ƙonannen dutsen farar ƙasa ko toka, ta bar ta ta kwana a jiƙe, da asuba ta wanke ta cire dusa, ta durƙusa a kan dutsen niƙa. Sa'o'i take yi a nan, har ƙasusuwan matan da ake haƙowa suna nuna alamar wannan durƙuso a gwiwa da yatsun ƙafa. Wannan dafawa da toka ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Tana saki bitamin B3 da ke ƙulle a cikin masara, ta ƙara sinadarin da ke gina ƙashi. Da Turawa suka kai masara ƙasarsu suka bar dabarar a baya, talakawan arewacin Italiya da Sifaniya da suka dogara da ita sun yi ta fama da felagira, cutar da ke ɓata fata, ta kawo zawo, ta taɓa hankali. Masarar da muke tuwo da ita, da rogo da barkono da gwanda, duk daga waccan nahiya suka iso mana bayan 1492.

Daga ƙullun ake yin kunu, mai zafi da safe, mai sanyi kuma manomi ya tafi da shi gona a gora. Babban abinci shi ne ƙullun da ake naɗewa a ganye a turara, kamar yadda muke yin alale, wani lokaci da nama ko wake a ciki. Wainar masara mai faɗi da aka san Meziko da ita yau ba ta yaɗu a ƙasar Maya ta kurmi ba sai daga baya. Nama ba kullum ba: barewa, aladen daji, kunkuru, kifi, talotalo, da kare, wanda suke kiwo don farauta, wani lokaci kuma don tukunya. Suna kiwon wata ƙudan zuma marar harbi a cikin kututturen itace. Koko kuwa sha ake yi, a dama da ruwa da barkono, a riƙa kwararo shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Kofunan manya suna ɗauke da rubutun sunan mai su da irin kokon da ake sha a ciki.

Duk wannan ba da ƙarfe aka yi shi ba. Babu garma, babu gatarin ƙarfe, babu sa ko jaki ko doki, babu amalanke. Da gatarin dutse ake sare kurmi, a ƙone a ƙarshen rani, a huda ƙasa da sanda a zuba masara da wake da kabewa wuri ɗaya: wake ya hau karan masara, kabewa ta rufe ƙasa ta hana ciyawa. Inda mutane suka yi yawa wannan bai isa ba, sai aka yi wa tuddai matakala da dutse, kamar yadda aka yi ko'ina a Karakol, a fadamu kuma aka haƙa magudanai aka tara ƙasar aka yi gonaki a kan ruwa. Kaya duk a bayan mutum suke tafiya, da igiya rataye a goshi, ko a kwalekwale. Duk da haka sun shimfiɗa fararen hanyoyi na dutse. Wadda ta tashi daga Koba zuwa Yashuna a Yukatan, arewacin ƙasar Maya, ta kai kilomita 100.

Ruwa ne ya fi bayyana yadda mulki yake. Tikal ba ta da kogi, ba ta da tafki na Allah-da-annabi, kuma ƙasar dutsen farar ƙasa ce mai shanye ruwa nan take. Ana ruwan sama mai yawa, sannan a yi wata huɗu ko biyar na rani. Abin da suka yi shi ne, ramukan da aka fasa dutsen gini aka liƙe su da yumɓu suka zama tafkuna, filayen tsakiyar gari kuma aka daɓe su da ɗan gangare ta yadda duk ɗigon da ya sauka zai gangara can. Wato dandalin da sarki ke rawa a kai shi ne kuma matarar ruwan gari. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Cincinnati sun ba da rahoton cewa a ɗaya daga cikin tafkunan an sami yashi da wani ma'adini mai tace ƙazanta da aka ɗauko daga nesa. A arewacin Yukatan akwai rijiyoyin da ƙasa ta rufta ta buɗe da kanta, a yankin Ushmal kuma kowane gida yana haƙa rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Palenke ce ta sha bamban: ruwa ya yi mata yawa, sai da aka gina masa hanyoyi a ƙarƙashin fada. Idan ka fahimci wannan za ka gane dalilin da manomi zai yarda ya ba da masara da ƙarfinsa ga fada. Sarki ne mai tafki, shi ne kuma mai magana da Cak, abin bautarsu na ruwan sama.

Kasuwa kuwa an daɗe ana gardama a kanta, har aka gano wasu zane-zane a bangon wani gini a birnin Kalakmul a 2004. Yawancin zanen Maya sarakuna ne da alloli, amma waɗannan mutanen gari ne: mace tana ɗora wa wata tulu a ka, wani yana kurɓar kunu, wani da kaya a baya. Kusa da kowa an rubuta sana'arsa: mai kunu, mai gishiri, mai taba, mai masara. Gishiri daga gaɓar Yukatan da Beliz yake zuwa, baƙin dutsen wuƙa daga tsaunukan Gwatemala, koren dutsen ado daga kwarin Motaguwa, gashin tsuntsun ketsal daga dazuzzukan tudu. Zuwa lokacin da Sifaniyawa suka iso, ƙwayar koko ce kuɗi. A 1502 Kolombus ya tare wani babban kwalekwalen fatake kusa da gaɓar Honduras, ɗauke da tufafin auduga da kayan tagulla da koko.

Ado a wurinsu abu ne da za ka yi mamaki. Ana ɗaure wa jariri katako a goshi don kan ya miƙe ya yi tsawo, ana fiƙe haƙora, ana huda su a dasa ɗan koren dutse, kuma gwanintar masu yin hakan ta kai haƙoran suna nan da duwatsunsu bayan shekara dubu. Namiji bante da mayafi, mace zane ko riga mai faɗi da ta saƙa da kanta a masaƙar da ake ɗaurewa a ƙugu. Diego de Landa, limamin Sifaniya da ya zauna a Yukatan a ƙarni na 16, ya rubuta cewa ango yakan tare a gidan surukinsa ya yi masa aiki shekara biyar ko shida. Wanda ya mutu, a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa ake binne shi, iyali su ci gaba da zama a kai. Wannan ya sa gida ɗaya yakan yi ɗaruruwan shekaru ana rushewa ana sake gini a wuri guda.

Sarauta tana da daɗi, tana kuma da farashi. A wani sassaƙen dutse daga Yashcilan, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, an nuna gimbiya Shok a shekara ta 709 tana jan igiya mai ƙaya ta cikin harshenta, mijinta sarki yana riƙe da wuta a kanta, jinin yana ɗiga a takarda don a ƙone. Haka ake kiran kakanni da alloli. Yanka mutane ma an yi, galibi manyan da aka kama a yaƙi. A 738 sarkin Kopan, wanda ya cika garinsa da sassaƙe mafi kyau a ƙasar, ya faɗa hannun sarkin Kirigiwa, ƙaramin gari da ke ƙarƙashinsa, aka sare masa kai. Tikal da Kalakmul sun shafe ƙarnuka suna gaba: an ci Tikal a 562, ta yi shiru kusan shekara 130, sannan sarkinta Jasaw Can Kawil ya rama a 695. Wanda ya fi kowa sa'a shi ne Pakal na Palenke, da ya hau gado yana ɗan shekara 12 a 615 ya mutu a 683. Alberto Ruz ya buɗe kabarinsa a 1952. Wasan ƙwallon roba da ake bugawa da ƙugu ya kasance a kusan kowane gari, amma labarin cewa kullum sai an yanka wanda aka ci, ƙari ne.

Duk waɗannan sunaye da shekaru daga rubutunsu muka same su. Rubutu ne cikakke, mai alamomi kusan 800, wasu kalma guda, wasu gaɓa. Suna da littattafai na ɓawon itace da ake naɗewa, amma a 1562 Landa ɗin nan ya tara waɗanda ya samu a garin Mani ya cinna musu wuta da sunan yaƙi da tsafi. Huɗu kacal suka rage a duniya. Abin ban haushi, bayanan da shi Landa ya rubuta ne Yuri Knorozov na Rasha ya yi amfani da su a 1952 ya nuna yadda ake karanta alamomin, sannan a 1960 Tatiana Proskouriakoff ta tabbatar cewa abin da ke jikin duwatsun tarihin sarakuna ne: haihuwa, naɗi, yaƙi, mutuwa. Lissafinsu ashirin-ashirin yake tafiya, ɗigo yana nufin ɗaya, sanda kuma biyar, kuma suna da sifili. Suna da kalandar kwana 260 ta ibada da ta kwana 365 ta shekara, da wata doguwa da ta faro daga 3114 kafin Miladiyya. Ita ce ta cika zagaye a Disambar 2012, aka yi ta shaci-faɗin tashin duniya, alhali su ba su ce haka ba.

Saura batun ɓacewa. Abin da ya faru ya ɗauki fiye da shekara 100, kuma biranen kudu na cikin kurmi ya fi shafa. Ana gane shi ta ranar ƙarshe da kowane gari ya sassaƙa: Palenke 799, Kopan 822, Tikal 869, Tonina 909. Lakar ƙasan tafkin Cicankanab ta nuna an yi fari mai tsanani sau da yawa tsakanin 800 da 1000, kuma wani nazari na 2018 ya ƙiyasta ruwan sama ya ragu da kusan rabi. Amma fari shi kaɗai bai isa bayani ba, domin sun sha fari a baya sun tsallake. Wannan karon ya sami mutane sun yi yawa, an sare itatuwa don gona da ƙona farar ƙasa, manya masu cin haraji sun ninku, yaƙi kuma ya canza kama. A Dos Pilas, wajen 761, mazauna gari sun ɓamɓare duwatsun ɗakunan bautarsu suka yi ganuwa cikin gaggawa. An ƙone Aguwateka wajen 810. A Tikal an gano tafkunan da ke kusa da fada sun gurɓace da sinadarin makuri mai guba daga jan launin da ake shafe gine-gine da gawarwakin manya da shi. Sarkin da ya karɓi masara da alkawarin ruwa, ran da tafki ya ƙafe ba shi da abin faɗa. Wasu sun mutu, da yawa sun ɗaure kayansu suka nufi gaɓar teku da bakin tafkuna da arewa.

A arewar kuwa lokacin ne Ushmal da Cicen Itza suke tashe, bayansu Mayapan ta riƙe Yukatan har wajen 1450. Sifaniyawa sun same su a garuruwansu, kuma cin ƙasar ya ba su wuya fiye da na Aztek, saboda babu sarki ɗaya da za a kama a gama. Cututtukan da suka zo da su, musamman agana, sun fi takobi kisa. Garin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nohpeten, a wani tsibiri cikin tafkin Peten Itza inda garin Flores yake yanzu, sai a Maris 1697 ya faɗi. A 1847 Mayan Yukatan sun sake tayar da yaƙin da bai lafa ba sai 1901. A ƙidayar Gwatemala ta 2018 fiye da mutum miliyan 6, kusan kashi 42 cikin 100 na ƙasar, sun ce su Maya ne, ban da na Meziko da Beliz. Harsunansu kusan 30 ana magana da su, Rigoberta Menchu da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992 'yar Kice ce, kuma a garuruwan tudu irin su Momostenango har yanzu akwai masu ƙirga kwanakin kalandar 260, mutane suna zuwa wurinsu a zaɓa musu ranar aure ko ta shuka.